Gawa Ba Ta Tuba

Injin yana cikin tofo katunan wata makaranta lokacin da Sakatare ya shigo shagon, ƙamshin turarensa ya danne warin tawada. Bai zauna ba. Ya miƙa wayarsa ta saman tarin takardu, ya ce ga aikin da yake so a buga masa, kwafi dubu goma, kafin jibi.

Babba ya goge hannu da tsumma, ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa domin tabaransa na can kan tebur. Fuskar ƙaninsa ya gani. Auta ne, da hular aikinsa a karkace, yana dariya, Mai-ci ya dafa kafaɗarsa a gaban sabon famfon unguwa. Babba ya san hoton, shi ya buga shi a kalanda bara. Sai dai yanzu an zagaye kan Auta da jan layi, an rubuta a ƙasa da manyan baƙi: GA WANDA MAI-CI YA DAMƘA WA RUWAN ALWALARKU. BAI YARDA DA ALLAH BA.

Saura kwana goma sha biyu a yi zaɓen shugaban gari. Mutum biyu ne a filin: wanda ke kan kujera, da mutane ke kira Mai-ci, da wanda ke son tayar da shi, da suke kira Mai-nema. Sakatare na Mai-nema ne, shi ne bakinsa, shi ne ƙafarsa.

Babba ya miƙa hannu ya kashe injin. Shagon ya yi tsit, har ana jin fankar sama tana kukan rashin mai.

Sakatare ya ce ya san ƙaninsa ne, don haka ma ya zo nan bai je wani wuri ba. Suna da muryar Auta a naɗe, da bakinsa ya faɗa, babu ƙage a ciki. Ya ce kowa ya san Babba mutumin sahun farko ne, idan takardar ta fito daga injinsa jama'a za su gane gidansu bai goyi bayan ɓata ba, ba wanda zai taɓa su. A ganinsa taimako ya kawo.

"Injin nan ni da shi muka sauke shi daga mota da kafaɗunmu," in ji Babba. "Ba zai buga wannan ba."

Sakatare ya karɓi wayarsa, ya hura ƙurar da ba ta kai, ya sa a aljihu.

"Malam, ba ƙaninka muke hara ba. Ubangidansa muke so. Amma mai hawa bishiya reshen da ya fi kusa yake fara kamawa."

Ya fita yana cewa masu inji ba su ƙare a gari ba.

* * *

A bayan makarantar firamare Babba ya sami Auta, ya kwance kan famfo ya jera ƙarafan a kan buhu, hannuwansa baƙi ƙirin da giris har gwiwa. Shekara talatin da biyu ke gare shi, amma har yanzu in yana aiki harshensa na leƙowa ta gefen baki kamar lokacin da yake koyon rubutu.

Shekara uku ke nan Babba na ɗauke da sirrin. A barandar asibiti Auta ya faɗa masa, ranar da likita ya ce yanar idon Inna ta rufe duka biyun. Bai faɗa da fahariya ba, bai faɗa da fushi ba. Ya ce imani ya tsiyaye masa ne a hankali kamar ruwa a tulun da ya tsage, har wata rana ya leƙa ya tarar babu komai. Wata biyu Babba bai yi masa magana ba. Daga baya ya riƙa kawo masa littattafai, Auta yana karantawa tsaf ya mayar da su da godiya. Ya kai shi wurin malamai biyu. Ya yi kuka a sujada. A ƙarshe suka tsaya a wata yarjejeniya da ba su taɓa furta ta ba: Babba zai ci gaba da addu'a, Auta ba zai yi wa abin da yayansa ke girmamawa dariya ba, kuma Inna ba za ta ji ba.

Auta ne ke zaune da Inna a tsohon gidansu. Shi ke tashin ta da asuba, ya ɗumama mata ruwa, ya zuba mata a buta, ya kama kafaɗunta ya daidaita ta da alƙibla, sannan ya koma ɗakinsa ya haɗa kayan aiki. Ya ƙi aure duk da gorin da take masa, domin ya gaya wa Babba ba zai yaudari 'yar mutane ba.

Da ya ji labarin takardar, Auta ya ajiye sifana, ya zauna a kan dugadugansa. Ya ce muryar tasa ce. Wata bakwai da suka wuce, a bencin mai shayi, wani abokinsa na ƙuruciya ya tsare shi da tambaya a kan me ya sa ba a ganinsa a masallaci. Ya yi ta kaucewa har ya gaji, sai ya ce ya duba zuciyarsa bai sami abin da suke samu ba, kuma ba zai ce ya samu ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai san wayar abokin tana saurare ba.

"Jumma'a ka zo mu tafi tare," in ji Babba. "Ka tsaya kusa da ni a sahu. Ko leɓe ne ka motsa. Mutane su gan ka, magana ta mutu."

Auta ya dube shi da irin kallon da yake yi wa Inna in ta ƙi shan magani.

"Yaya, kai da kake tsoron Allah, kai ne za ka kai ni gabansa in yi masa ƙarya?"

Babba ya tsuguna ya ɗauki wani ƙarfe yana jujjuyawa. Auta ya ce ya ajiye, wannan shi ne zuciyar famfon, in ya ɓata yara ɗari huɗu za su sha ƙishirwa su tsine wa mai buga takarda. Babba ya mayar da ƙarfen kan buhun.

* * *

Takardar ta fito ranar da aka ce. Wani inji a can ƙarshen gari ya buga ta, da tawada mai arha da ta sa fuskar Auta ta yi kore. Aka manna ta a turakun wuta, da bangon kasuwa, da jikin famfunan da ya gyara. Motar Mai-nema mai lasifika ta riƙa zagaya unguwanni tana sakin muryar, an yanke farkonta da ƙarshenta, an bar tsakiya tana maimaituwa.

Babba ya zaci Mai-ci zai kare yaronsa. Kwana ɗaya kawai ya ɗauka. Washegari ya fito a rediyo ya ce shi bai san mutumin ba, ma'aikata ne suka tura masa shi wurin ɗaukar hoto, ya kuma ba da umarnin a kore shi daga hukumar ruwa nan take. Ya ƙara da cewa in aka sake zaɓensa zai kafa kwamitin da zai binciki aƙidar duk wani ma'aikaci. Mai-nema ya mayar da martani cewa kwamiti bai isa ba. Daga nan suka shiga tseren nuna wanda ya fi kishin addini, mutanen da direbobinsu suka sha ba da labarin yadda la'asar ke wuce su a mota.

Kwana biyu matan unguwa suka ƙaurace wa famfo, suka koma tsohuwar rijiya mai nisa. A rana ta uku wata dattijuwa ta ce ita bayanta ba zai iya ba, ruwa dai daga ƙasar Allah yake fitowa ba daga aljihun Auta ba. Ta kafa bokitinta, sauran suka bi ta suna sunkuyar da kai.

Tsohon Liman na masallacin unguwa, wanda ya yi wa mahaifinsu salla, ya ƙi taɓa maganar a karatunsa na yamma. Da aka matsa masa, ya ce shiriya a hannun Allah take, kuma shi bai taɓa ganin an dasa imani da dutse ba. Kwana biyu bayan haka kwamitin masallaci, wanda Mai-nema ya saya wa sabon janareta, ya ce Liman ya tsufa yana bukatar hutu. Aka gayyato wani mai wa'azi daga waje, mai murya kamar tsawa.

Wayar Auta ma ba ta huta ba. Ban da masu zagi, akwai wasu da suka riƙa kiransa daga nesa, suna cewa su irinsa ne, suna da ƙungiya. Suka ce shi gwarzo ne. Suna so ya yi bidiyo ya fallasa jahilcin mutanen garinsu, ya faɗi abin da ke ransa game da salla da masu yin ta, su kuma za su yaɗa shi duniya ta gani. Babba na zaune a gefe ranar da ya amsa wa ɗayansu.

"Wadda kake so in kira jahila ita ta haife ni," in ji Auta. "Yanzu ma zan je in zuba mata ruwan alwala."

Ya kashe wayar, ya cire batirin. Ya ce wa yayansa abin dariya ne, kowa na so ya rataya shi a tuta, babu wanda ya tambaye shi ko ya karya kumallo.

Ranar Laraba aka wayi gari an rubuta kalma ɗaya da baƙin fenti a ƙofar gidansu. Babba ya zo da kananzir da tsumma yana gogewa, maƙwabta na wucewa ba sallama. Cikinsu har da wanda Auta ya taɓa goya ɗansa zuwa asibiti. Abin da ya fi ci wa Babba rai shi ne, a ƙasan zuciyarsa ya san wani ɓangare nasa yana tare da su. Shi ma yana jin zafin abin da ƙaninsa ya faɗa. Shi ma yana tsoron ranar da za a tashe su, a raba su hanya. Yana goge fentin yana tambayar kansa ko son ɗan'uwa yake yi ko saɓon Ubangiji.

* * *

Sun yi iya ƙoƙarinsu su ɓoye wa Inna. Sun ce mata rediyonta ya lalace. Sun ce hayaniyar waje ta 'yan siyasa ce, wanda ba ƙarya ba ne. Ranar Alhamis da la'asar ta aika matar Babba ta kira mata su biyun.

Tana zaune a kan tabarmarta a inuwar baranda, ƙafafunta a miƙe, carbi a cinya. Ta sa suka zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta lalubo kan Auta, ta cire masa hula, ta shafa gashinsa kamar mai neman wani abu da ta ajiye a ciki.

Ta ce su daina wahalar da kansu, makanta ce ta same ta ba kurumta ba. Ta ce ta riga mai lasifika sani da shekaru.

"Tun ranar da na sa maka albarka ka ce mini na gode, Inna, ba ka ce amin ba. Na ce ko mantuwa ce. Washegari na sake, ka sake."

Auta ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa gwiwarta. Kafaɗunsa suka fara rawa.

Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, abin ya fi mata makantar ciwo. Babu sallar da take idarwa ba ta kai ƙararsa wurin Allah ba, kuma ba za ta daina ba har a rufe ta da ƙasa. Ta ce ba ta fahimci yadda mutum zai dubi ruwa na fitowa daga ƙarƙashin dutse ya ce babu mai shi ba, shi da ma aikinsa ke nan. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ji abin da ake shiryawa gobe bayan an sauko daga masallaci, matan da ke zuwa gaishe ta ba su iya raɗa ba.

Auta ya ce ba zai tafi ya bar ta ba. Wa zai riƙa tashin ta, wa zai ɗiga mata maganin ido?

"Ni ina roƙon Allah ya ba ka lokaci," in ji ta. "Su kuma lokacin suke so su ƙwace. Gawa ba ta tuba, Auta. Ka tafi inda addu'ata za ta same ka da rai."

Ta juya fuskarta wajen Babba, idanunta farare suna kallon gefen kunnensa. Ta ce shi ne zai fitar da shi, kuma kada ya dawo ya ce mata wani abu ya faru a hanya.

Da yamma tsohon Liman ya zo da sandarsa, ya zauna a zaure. Bai yi wa Auta wa'azi ba. Ya ce su fita daidai lokacin da aka shiga huɗuba, lokacin ne kawai titi zai zama babu kowa. Babba ya ce shekara ashirin da shida bai taɓa rasa Jumma'a ba. Liman ya ce wanda ya tsamo rai daga halaka ba a tambayarsa me ya hana shi zuwa sahu, in kuma an tambaya, a ce shi ya ba da fatawar.

* * *

A motar ɗaukar takardu suka fita, wata tsohuwar akwala mai rufaffen baya. Auta ya kwanta tsakanin damman farar takarda da jakarsa ɗaya da akwatin sifanoninsa, wanda ya ce ko tsirara zai tafi ba zai bar shi ba. Inna ba ta rako su ƙofa ba. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta bi ta da yatsu tun daga goshi har haɓa, ta sa masa albarka. Ya buɗe baki ya rufe. Ta ce ya bari, ita za ta faɗa a madadinsa, ta ce amin da kanta.

Titin ya kasance kamar an share shi. Shaguna a rufe, takalma jere a bakin masallatai har kan kwalta. Babba na tuƙi, muryar baƙon mai wa'azin na bin sa daga lasifika zuwa lasifika, yana jin ana ambaton gidansu ba tare da an kama suna ba. A mahadar ƙarshe wani ɗan sanda da ke gyangyaɗi a inuwa ya ɗaga kai, ya gane motar, ya ɗaga masa hannu ya koma barcinsa.

Sai da suka yi tafiyar awa ɗaya da rabi Babba ya tsaya a gindin wata bishiya, ya buɗe bayan motar. Auta ya fito jiƙe da gumi, ƙurar takarda ta yi masa furfura. Ya dubi rana, ya dubi yayansa.

"Azahar za ta wuce ka, Yaya."

Ya ɗauko jarkar ruwan da suka taho da ita don inji, ya tsuguna yana zuba masa a hannu kaɗan kaɗan, kamar yadda ya saba yi wa Inna. Ya yage kwalin takarda ya shimfiɗa masa. Babba ya ta da salla a gefen hanya, manyan motoci na wucewa suna kaɗa masa riga. Da ya kai goshinsa ƙasa ya kasa ɗagowa da wuri. Duk abin da ya tanada zai roƙa ya watse, sai sunan ƙaninsa kawai yake maimaitawa. Da ya sallame ya ga Auta tsaye a gefensa, ya ba shi baya, yana kore wasu awaki da ke son ratsawa ta gabansa.

A tashar wani gari da ba su san kowa ba suka rabu. Auta ya riƙa jero masa yadda ake ɗiga maganin ido, sau nawa, wane ne na safe, da cewa Inna ba ta son ruwa ya yi zafi sosai amma ba za ta faɗa ba. Babba ya ce ya ji. Ya ce masa har yanzu yana nan a kan bakansa, ɓata ce, kuma ba zai fasa roƙa masa shiriya ba. Auta ya ce ya sani, in ya daina ma zai yi fushi. Suka tsaya suna kallon tayar mota. Da kwandasta ya buga ƙofa, Babba ya jawo shi ya rungume, abin da bai yi ba tun Auta na ɗan shekara shida.

Ya dawo gari da la'asar sakaliya ya tarar an ƙone ɗan shagon da Auta ke ajiye bututu, an farfasa tagogin gidan. Taron bai shiga ciki ba. Matarsa ta ce tsohon Liman ne ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna, ya ce duk mai son shiga ya tsallake shi. Samarin, waɗanda yawancinsu shi ya koya musu alwala, suka yi ta ihu daga nesa har suka gaji. Inna kuma tana ciki duk tsawon lokacin, tana jan carbi.

* * *

Mai-nema ya ci zaɓe. Bayan wata biyu Mai-ci ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyarsa, aka ba shi shugabancin wata hukuma, aka yi taron sulhu da kaɗe-kaɗe. Ba a sake jin maganar kwamitin binciken aƙida ba. Baƙon mai wa'azi ya koma inda ya fito, amma ba a mayar da tsohon Liman ba.

Wata rana Babba ya haɗu da Sakatare a gidan mai, ya ƙara ƙiba, yana bayan sabuwar mota. Ya sauke gilashi ya gaishe shi da fara'a, ya ce ya kwana biyu bai kawo masa aiki ba, za a gyara. Babba ya ga dama ce. Ya sunkuya ya ce tunda komai ya lafa, ko za a yi wata sanarwa, ko a ja kunnen samari, don ƙaninsa ya samu ya dawo ya ga mahaifiyarsu.

Sakatare ya ɗan ɗaure gira, da gaske yake ƙoƙarin tunawa.

"Wane ƙanin naka?"

Samarin unguwa kuwa ba su manta ba. Su ba a gaya musu cewa wasan ya ƙare ba. Har yanzu sukan tsaya a bakin layi su tambayi yaran Babba ina baffansu yake ɓoye. Iyaye biyu sun hana 'ya'yansu zama benci ɗaya da 'yarsa a aji. Rabin masu kawo masa aiki sun koma wani shago. A hankali gidan ya koyi yin shiru. Auta na kira ranar Lahadi daga lambar da ke canzawa, a rufe ƙofa, a sa wa Inna wayar a kunne, ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko ɗakin da ya samu na yoyo. A waje kuwa ba a ambatonsa.

Da damina ta ja baya aka kawo likitocin ido asibitin gari, Babba ya kai Inna a rubuta ta cikin waɗanda za a yi wa aiki. Layin ya cika da mutanen unguwarsu, benci uku, kowa na jin numfashin kowa. Ma'aikaciyar da ke cike kati baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Ta tambayi shekarun Inna, da magungunan da take sha, da wanda zai kula da ita bayan aiki. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta tambayi 'ya'yanta nawa, saboda a san waɗanda za a nema.

Hirar da ake yi a bencin baya ta tsaya. Babba ya ji idanu a ƙeyarsa. Ya tuna 'yarsa da ke zama ita kaɗai a aji.

"Ni kaɗai ne," ya ji bakinsa ya faɗa.

Ma'aikaciyar ta rubuta, ta miƙa musu kati, ta kira na gaba.

Babba ya kama hannun Inna suka koma benci suka zauna jiran likita. Fuskarta na fuskantar bango, babu abin da ya motsa a cikinta. Can sai ya ji hannunta ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya sauka a gwiwarsa, inda ba mai gani. Ta naɗe sauran yatsun, ta bar biyu, ta danna su a jikinsa. Ba ta ɗauke ba har aka kira lambarsu.